Hankalin Ma'aikaci da Halin Wurin Aikinsa



Kowace safiya idan Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa, bayan ya tambaye shi kwana, abin da ke biye shi ne, "Ina gajiya?" Amsar kuwa sananniya ce tun kaka da kakanni: "Ba gajiya." Sa'an nan a ce, "Ina aiki?" a ce, "Da godiya." Da wuya a ji wanda ya amsa da cewa gajiya ta kusa kayar da shi, ko da kuwa daren jiya bai runtsa ba. Wannan ladabi ne, ba kuma abin zargi ba ne. Sai dai al'adar da ta tanadi tambayar ita ce kuma ta tanadi amsar, har ya zama ma'aikaci yana iya shekara goma a ofis ɗaya, ana tambayarsa gajiya sau ashirin a yini, ba wanda ya taɓa sanin halin da yake ciki. Abin da ke bayan wannan "ba gajiya" shi ne maƙasudin wannan lacca.

Wajibi ne tun farko a kawar da wani ruɗani. Da zarar an ambaci ciwon hankali, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne mutumin da ke yawo kasuwa da tsumma yana surutai, yara na binsa. Lalle wannan ciwo ne, amma ba shi ne ya fi yawa a cikin jama'a ba. Mafi yawa shi ne ciwon damuwa da ciwon fargaba. Mai ciwon damuwa yakan yi mako biyu ko fiye cikin baƙin cikin da ya ƙi wucewa, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya daina daɗi, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Mai fargaba kuwa kullum gabansa na faɗuwa, yana zullumin abin da bai faru ba, ba ya iya tattara hankalinsa a kan takarda ɗaya. Duka biyun suna sa rigarsu wankakkiya, suna sa hannu a littafin zuwa aiki ƙarfe takwas, suna gaisawa da kowa.

Wani abin lura shi ne, a ƙasar nan mai irin wannan ciwo ba kasafai yakan je wurin likita ya ce ransa a ɓace yake ba. Jikinsa yake kai ƙara. Sai ya ce kansa na zafi, ko yana jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fatarsa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko gaɓoɓinsa sun mutu. A ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan wata guda a ba shi na taifot, ya koma kyamis, ya koma wurin mai magani, kuɗi na ƙarewa ciwo na nan. Ɗalibai ma suna da nasu kason. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya bayyana wata larura da ya gani a wurin ɗaliban Nijeriya, wadda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa: zafi a ka da wuya, dishi-dishin ido, da karanta shafi sau uku ba tare da an fahimci komai ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu ana saura mako guda jarrabawa ya san wani da wannan ta taɓa.

Girman al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 15 cikin 100 na mutanen da suka kai shekarun aiki suna ɗauke da wani nau'i na ciwon hankali, kuma kowace shekara duniya na hasarar kwanakin aiki kimanin biliyan 12 saboda damuwa da fargaba kaɗai, abin da ya kai darajar dalar Amurka tiriliyan 1. Idan aka auna da wannan ma'auni, ma'aikatar da ke da mutum ɗari biyu tana iya samun talatin a cikinsu. Ba a wata ƙasa suke ba. Wasunsu suna tebur na gaba.

To, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me aikin kansa ya taka a cikin wannan? Domin akwai masu cewa, kuma ba su rasa hujja ba, damuwar ma'aikaci daga gida ya zo da ita: kuɗin haya, kuɗin makaranta, rashin lafiyar iyaye, rikicin iyali. Gaskiya ne. Aiki ma a karan kansa alheri ne ga hankali, tunda yana ba mutum abin masarufi, da tsarin yini, da abokan hulɗa, da matsayi a idon jama'a, kuma zaman kashe wando ya fi kowane ofis lahani. Amma bincike ya tabbatar da cewa yadda aka tsara aiki yana iya zama cuta, kuma mafi shaharar binciken a kan ma'aikatan gwamnati aka yi shi.

A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a birnin Landan, binciken da aka sa wa suna Whitehall, watau sunan titin da manyan ma'aikatu suke. Kafin nan abin da kowa ya ɗauka shi ne manya ne ciwon zuciya ke kashewa, saboda nauyin shugabanci. Sai aka tarar da akasin haka. Bayan shekara goma, mutuwa a cikin na ƙasa-ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku. Ba kuma a nan kaɗai ratar take ba; kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, tamkar tsani. Dukansu suna da albashi, dukansu suna zuwa asibiti kyauta, ba mai kwana da yunwa. Da aka lissafa shan taba da hawan jini da kitsen jini, abin da suka bayyana na ratar bai kai rabi ba. Saboda haka a 1985 Farfesa Michael Marmot ya jagoranci kashi na biyu, da ma'aikata maza da mata fiye da 10,000, don a gano sauran. Babban abin da ya fito shi ne iko: wanda ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa, da lokacin da zai yi shi, ya fi kamuwa da ciwon zuciya, ya kuma fi kamuwa da damuwa.

Wannan ya dace da abin da wani masani, Robert Karasek, ya bayyana a 1979, cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne ke karya mutum ba, sai in ya haɗu da rashin iko. Babban Sakatare yana da aiki jibge, amma shi ke cewa a kawo wannan fayil yau, wancan gobe, yana da direba, yana da mai hana mutane shiga. A dubi akawun rajista kuwa. Mutum biyar ke ba shi umarni, kowanne yana cewa nasa ne na gaggawa. In fayil ya ɓace shi ne, ko da kuwa a teburin maigida ya kwana. Ba ya iya cewa a'a, ba ya iya cewa sai anjima. In an tashi ƙarfe huɗu shi ba zai tashi ba sai maigida ya fita, ko da ba abin da yake yi. Wani masanin kuma, Johannes Siegrist na Jamus, ya ƙara da cewa a 1996, akwai cuta a inda wahala ta yi yawa sakamako ya yi kaɗan, kuma sakamako ba albashi kaɗai ba ne, har da yabo, da ƙarin girma a kan lokaci, da tabbacin cewa gobe aikin na nan.

A kan wannan tabbaci, tarihin aikin gwamnati a Nijeriya yana da abin faɗi. Tsofaffin ma'aikata suna tuna garaɓasar Udoji ta 1974, sa'ad da albashi ya tashi aka kuma biya bashin watanni a dunƙule, kasuwa ta cika da masu sayen babur da rediyo. Shekara guda bayan haka, a 1975, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa daga cikinsu a rediyo suka ji sunansu. Ba a musun cewa akwai masu laifi a ciki, kuma jama'a da dama sun yi murna a lokacin. Amma darasin da ma'aikacin da ya tsira ya ɗauka shi ne, aikin da ake ce masa na har tsufa yana iya tafiya tsakanin labaran rana da na yamma. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar Naira, albashin da ke kai ƙarshen wata ya koma na mako biyu. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, kana a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. Duk wanda ya san farashin buhun shinkafa a shekarar ya san iyakar inda wannan ƙari ya tsaya. Ma'aikacin da ake binsa bashin mai shago, shi kuma yana bin gwamnati bashin wata uku, ba lacca a kan haƙuri ce maganinsa ba.

Haƙuri kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Sa'ad da Anthony Kirk-Greene ya rubuta maƙalarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafa haƙuri da kunya da mutunci a cikin halayen da ake auna mutum da su. Halaye ne masu daraja, su ne suka riƙe gidaje da garuruwa a lokutan yunwa da yaƙi. Amma a ofis ana iya juya su su zama makami. Shugaban da ya tsawata wa magidanci mai 'ya'ya shida a gaban masinja da baƙi ya ci mutuncinsa, sa'an nan al'ada ta ce wa wanda aka ci mutuncin ya yi haƙuri, kunya kuma ta hana shi faɗa wa kowa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to amma cikin ma yana da iyaka. Abin da aka haɗiye a ofis yakan fito a gida, a kan mata da yara, ko ya fito a ma'aunin hawan jini, ko a kwalbar maganin tari da ƙwayar tiramadol. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma kuskure ne a zaci dukansu zauna-gari-banza ne. Akwai direbobi, akwai leburori, akwai masu aikin dare da ke neman abin da zai hana su barci.

Mace ma'aikaciya tana da ƙarin kaya. Tana tashi da asuba ta gama aikin gida kafin ta fara na gwamnati, in ta dawo ta tarar da wani. In kuma ta gamu da shugaban da ke nemanta da lalata yana riƙe da takardar ƙarin girmanta, sau da yawa shiru take yi, domin ta san wanda za a fara zargi. Nijeriya ta amince a 2022 da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki. Sa hannu a Janiba abu ne mai sauƙi. Abin da ya rage shi ne kowace ma'aikata ta sami ƙofar kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙarar ba.

Akwai kuma wata gajiya ta musamman da ke kama masu aikin taimakon jama'a, irin su nas-nas, da malaman makaranta, da 'yan sanda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. Hukumar ba ta kira ta cuta ba, ta ce al'amari ne da ke tasowa daga aikin kansa. Nas ɗin da ke yi wa mai naƙuda tsawa, wadda jama'a ke cewa ba ta da imani, mai yiwuwa da tausayi ta shiga aikin. Shekara goma ita kaɗai a ɗaki mai gado arba'in ne suka cinye shi.

Doka fa? Shekaru da dama ƙasar nan tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, kuma babban abin da ta damu da shi shi ne yadda za a tsare mutum. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta ɗauki mai larura a matsayin ɗan ƙasa mai haƙƙi, ta kuma hana nuna masa bambanci, har da wajen aiki. Akwai wata dokar da ta girme ta, wadda ma'aikata kaɗan ne suka san abin da ke cikinta, watau Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Sashe na 8 nata ya tanadi diyya ga wanda aiki ya jawo wa ciwon hankali, ko saboda wani mummunan abu da ya auku farat ɗaya, ko saboda yanayin aikin in likita ya tabbatar, har da inda mai aiki ya canza tsarin aiki ya ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa ba bisa adalci ba. A wasu ƙasashe maganar ta wuce diyya. A Disamba 2019 wata kotu a birnin Faris ta sami tsofaffin shugabannin kamfanin France Télécom da laifin muzguna wa ma'aikata da gangan don su bar aiki da kansu, a wani shiri na rage mutum 22,000, bayan da ma'aikata da dama suka kashe kansu. Makamin da aka yi amfani da shi kuwa sananne ne a nan: canjin wurin aiki ba gaira ba dalili, da ajiye mutum a tebur ba aiki.

Daɗa sai abin yi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 a kan lafiyar hankali a wurin aiki ta ba da shawarar a gyara tsarin aikin kansa, ta kuma ba da shawarar a horar da shugabanni. Wannan ya dace da halin ƙasar nan, inda likitocin ƙwaƙwalwa ɗaruruwa kaɗan ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Saudiyya. Ba za a sami likita a kowace sakatariya ba, amma kowane sashe yana da shugaba. Ba a nemi shugaban ya zama likita ba. An nemi ya lura, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Ma'aikacin da shekara takwas bai taɓa makara ba, ga shi wata biyu yana makara, ya daina zama cin abinci da abokai, ƙaramar magana ta harzuƙa shi, wannan kiransa ya kamata a yi a keɓe kafin a rubuta masa takardar tuhuma. A tambaye shi, a yi shiru a saurara, abin da ya faɗa kuma ya tsaya a ɗakin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Ofishin da sirrin mutum ɗaya ya taɓa fita ya zama hirar masu shayi, ba wanda zai ƙara buɗe baki a cikinsa.

Yawancin gyaran ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kowa ya san mutum ɗaya da yake karɓar umarni daga gare shi. A bar ma'aikaci ya tafi hutun shekararsa, kada a riƙa ganin mai neman hutu a matsayin rago. A daina kiran taro a wayar salula ƙarfe goma na dare a kan abin da zai iya jiran safiya. In za a yi wa mutum canji daga Kano zuwa wani gari, a gaya masa dalili, a kuma dubi zangon karatun 'ya'yansa. Asusun adashi da na taimakon juna da ma'aikata suka saba yi, wanda ke kai ɗauki ranar suna da ranar rasuwa, zai iya kai ɗauki ranar da aka kwantar da ɗan'uwa a Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, in dai an daina ganin wannan kwanciya a matsayin abin kunya. Mai neman addu'a a wurin malami ko fasto ba a hana shi ba, kuma imani babban madogara ne ga mai damuwa. Abin da ake gudu shi ne a shekara ana cewa sammu ne ko iska, alhali ciwon yana da maganin da ake samu a asibiti.

Wuri mafi wuya shi ne komowa aiki bayan jinya, kuma a nan Nijeriya tana da abin koyar da duniya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama Mataimakin Babban Darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti karɓar magani, suna zama cikin jama'a, suna taɓa aikin gona da na hannu. Abin da ya gani shi ne zama cikin mutane da aikin yi suna cikin maganin. Saɓanin wannan shi ne abin da ake yi wa ma'aikacin da ya dawo daga jinya: a karɓe fayilolinsa, a ba shi kujera a lungu, a riƙa yi masa magana a hankali kamar ƙaramin yaro, in ya yi fushi irin na kowa a kalli juna a ce ciwon ne ya tashi. Wanda ya yi jinyar karaya ana barinsa ya fara da sanda, ya taka kaɗan-kaɗan. Haka ya kamata a yi wa wannan: a zauna da shi, da yardarsa a ji shawarar likitansa, ya fara da rabin yini da aiki na gaske wanda ya iya, a ba shi izinin zuwa asibiti ranar da aka sa masa ba sai ya yi bayani a gaban kowa ba, a ƙara masa aikin mako-mako har ya koma teburinsa na da. Sa'an nan idan lokacin ƙarin girma ya zo, kwamitin ya dubi rahoton aikinsa na shekara kamar yadda zai dubi na mai ciwon suga ko mai hawan jini.